Samarin Mormon na son haya a gidanmu na Tafo: yaya zama da su yake?

Ɗan Tafo:

Assalamu alaikum jama'a. Baba yana da sashe a gidanmu na Tafo a Kumasi, ɗaki biyu da falo, kicin da bayi duk a ciki, ƙofarsa daban. Ejan ya zo da maganar cewa cocin Mormon na so, za su zuba samarinsu huɗu, waɗannan masu farar riga da laktaye da baƙin bajo a ƙirji da ake gani bibbiyu a hanyar Pankrono. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya ce in bincika tukuna. Su wane ne? Wa ke biyan hayar? Yaya suke yini? Za su mai da wurin coci a hana mu barci? Mu Musulmi ne, kuma akwai yara da 'yan mata a gidan. Don Allah wanda ya san abin da gaske ya amsa, ban da ji-ta-ji-ta.

Ticha na Asawase:

Wa alaikumus salam ƙanina. Ka fara raba su da Shaidun Jehobah, don mutane na haɗa su. Shaidun Jehobah 'yan unguwa ne, suna wa'azi su koma gidajensu da sana'arsu. Waɗannan kuwa baƙi ne da aka turo, ba su da wani aiki sai wannan. Namiji shekara 2 yake yi, mace wata 18. Tun 2012 namiji na iya fita daga shekara 18, shi ya sa za ka ga yaro da gemu bai gama fito masa ba an rubuta masa Elda a ƙirji. Laƙabin aiki ne, ba na tsufa ba. Matan kuma Sista. Ba su ne ke zaɓen inda za su ba, takarda ce ke zuwa daga hedikwatarsu a Salt Lake City ta Amurka. Kada ka ɗauka duk Turawa ne, da yawa 'yan Najeriya ne, da 'yan Kodebuwa, da Kwango, da 'yan Ghana daga wasu yankuna. 'Yan Afirka ta Yamma galibi suna bi ta makarantar horonsu da ke Accra kusa da haikalinsu, mako uku ga wanda ya iya harshen aikin, fiye da haka ga mai koyo.

Yininsu a kan agogo yake. Tsarin da aka saba shi ne tashi ƙarfe 6:30, motsa jiki minti 30, wanka da karin kumallo, minti 30 na tsara inda za a je, awa ɗaya kowa ya yi karatun littattafansu shi kaɗai, sannan minti 30 su biyu tare. Wajen ƙarfe 10 sun fita, a ƙafa ko trotro, wato motar haya, ko keke da hular kwano. Dawowa 9 na dare ce, in suna cikin koyarwa 9:30, 10:30 an kashe wuta. Shugaban mishan, wato mai kula da su a yankin, yana da ikon matso da lokutan gaba, don haka kada ka yi mamaki in naku sun riga haka tashi ko dawowa. Abin lura a nan shi ne mafi yawan yini sashen a kulle yake.

Dokar da ta fi kowace ƙarfi a wurinsu ita ce ta abokin tafiya. Ba a barin mutum shi kaɗai, dole kowa yana ganin ɗan'uwansa yana kuma jin muryarsa, bayi ne kawai banda. Ɗaki ɗaya suke kwana, gado daban-daban. In ka ga ɗaya ya fito sayen kati, ɗayan na bayansa. Ba budurwa, ba talabijin, ba fim, ba iyo a ruwa, ba maganar siyasa, kiɗa ma sai wanda ya dace da ibadarsu. Mace ba ta shiga sashensu, kuma in za su koyar da mace sai da wani babban namiji a zaune. An hana su ɗaukar yara a cinya ko a bar musu reno. Ibada kuwa a ɗakin cocinsu suke yi ranar Lahadi, awa biyu, da waƙoƙi a hankali, ba ganga ba kwanan zaune. Ta fuskar hayaniya dai Baba ya kwantar da hankalinsa.

Litinin ce galibi ranar hutunsu, har zuwa ƙarfe 6 na yamma: wanki, shara, cefane, aski, ƙwallo. A ranar suke kiran gida. Kafin 2019 sau biyu kacal a shekara ake yarda su yi waya da iyaye, yanzu kowane mako ne. In ka ji yaro yana magana da uwarsa muryarsa na rawa, ka tuna shekarunsa, ka yi masa sannu.

Alhaji Ejan:

Ticha ya yi bayani. Ni bari in kama ɓangaren kuɗi, don nan rigima ke fitowa.

Yaran ba su ne masu haya ba. Ba albashi ake ba su ba, hasali ma su da iyayensu ne ke ba da gudummawa, coci ta cika wa marasa ƙarfi, sai a riƙa ba su ɗan kuɗin abinci da mota. Ofishin mishan ne ke sa hannu a yarjejeniya, shi ke biya. Saboda haka ka gaya wa ejan ɗinku ya haɗa Baba da mutumin ofis mai kula da gidaje, ido da ido, a ga takardar da sunan cocin a kai kafin a miƙa makulli. Dokar hayar Ghana ta 1963 ta ce kada kuɗin gaba ya wuce wata shida, amma kowa ya san yadda ake yi a Kumasi. Ko nawa kuka shirya, a rubuta adadi da ranar farawa da ta ƙarewa, a ba da rasit.

A rubuta kuma mutum nawa za su zauna, da wa ke gyaran famfo da kwan lantarki da ragar taga, da wa ke fenti ranar fita. Mita kuwa a raba. Fanka biyu ko uku duk dare, firji, ga dutsen guga kullum saboda fararen riguna, in mita ɗaya ce da ta gida wata na biyu za a fara ƙunƙuni.

Ga wanda masu gida ba sa hangowa. Duk mako shida ana sauyin wuri. Ba duka ake kwashewa ba, amma wanda ka saba da shi yau, bayan 'yan watanni an kai shi Obuasi ko Konongo, an kawo sabo da bai san komai na gidan ba. Shi ne zai bar famfon tanki a buɗe ruwa ya kwana yana zuba, ko ya jefa ƙyalle a masai, ko ya manta ranar masu kwasar shara. Ba rashin tarbiyya ba ne, ba wanda ya gaya masa. Maganin abin takarda ɗaya ce da Turanci, a sa ta a leda a manna bayan ƙofa: inda makunnin ruwa yake, lambar mita, lokacin kulle get, ranar shara, lambar wanda za a kira. Lambar wayarsu yawanci ta yankin ce, tana zama ko mutum ya tafi, amma duk da haka ka riƙe ta ofis. In abu ya lalace, ofis za ka kira, kada ka tsare yaro ɗan shekara 19 da maganar kuɗin da ba ya hannunsa.

Kuma ku ja wa samarin gida kunne, ban da roƙon rance ko maganar biza. An hana su duka biyun, sai dai a sa su jin kunya a banza.

Anti Nas:

Ɗana, abin da za ku gyara kusan duk ruwa ne da sauro.

Yi lissafi da kanka. Mutum huɗu, wanka biyu a rana, bokiti mai lita 20, ka ga lita 160 ke nan kafin a zo bayi da girki da wanke-wanke. Ka sa 300 a rana. Tanki mai lita 1,000 zai kai su kwana uku in famfo ya ɗauke, Litinin kuwa wanki zai cinye fiye da haka. A ɗaure musu igiyar shanya tasu a gefe, don fararen riguna sun kai ashirin in an haɗa, kuma kada su ci karo da wankin matan gida.

Ruwan sha ba sa ɗiba kai tsaye daga famfo, sai ta matata ko fiya wata. In sabon zuwa ya ƙi ruwan randa, ba raini ba ne, cikinsa bai saba ba, kofi ɗaya na iya kwantar da shi kwana uku da gudawa.

Ragar taga a duba ta da rana daga cikin ɗaki, duk inda haske ya huda a toshe, a sa ƙusa huɗu a saman kowane gado don gidan sauro. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da aka fi ba su shi ne doxycycline, ƙwaya ɗaya kullum. Yana da sharaɗi: a sha bayan an ci abinci, da ruwa cike da kofi, kada a kwanta nan take, in ba haka ba ya ƙone maƙogwaro ya tayar da zuciya. Yana kuma sa rana ta fi cin fata. Wannan ne ke sa wasu yaran su daina sha a ɓoye, sai zazzaɓi ya kama su. Wanda bai tashi a ƙasar sauro ba, abin na iya yin tsanani cikin kwana biyu. In kun ga ɗaya bai fita ba, jiki zafi, ga rawar sanyi, kada Hajiya ta tsaya dafa masa ganyen darbejiya. A sa abokinsa ya kira mai kula da lafiyarsu, a yi gwajin jini a ranar.

Malam na Aboabo:

Duk abin da aka faɗa gaskiya ne, amma kada kyawun hali ya sa a tsallake tambayar Alhaji mahaifinka ta asali. Wa'azi ne ya kawo su, kuma sun yarda da abin da suke faɗa, shi ya sa yaro zai bar gida shekara biyu ba a biyansa. Sun yi imani Yesu ɗan Allah ne mai ceto. Sun ce a 1820 wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Joseph Smith ya ga wahayi a jihar New York, ya kafa cocin a 1830, kuma har yau shugabansu annabi suke kiransa. Ban da Baibul suna da wasu littattafai uku, babbansu Littafin Mormon, wanda akwai shi da Twi da Fante. A wurinmu an rufe annabci da Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, don haka a nan hanya ta rabu, kuma gara a faɗa a fili.

A wasu wuraren kuma mun yi kusa. Ba giya, ba taba, zina babban laifi ce. Lahadin farko na kowane wata suna azumi, su tsallake abinci biyu a jere ba ci ba sha, su ba da kuɗin don matalauta. Suna fitar da ushiri. Shugabanninsu sun fitar da sanarwa a 1978 da ta ambaci Annabinmu cikin waɗanda suka ce Allah ya ba haske, kuma cikin ƙa'idojin imaninsu akwai barin kowa ya yi bauta yadda ya zaɓa. Ba sa yi wa yaro baftisma kafin shekara 8, wanda bai kai 18 ba kuma sai da iznin iyaye.

Shawarata, ranar sa hannu Alhaji ya faɗa wa mutumin ofis da bakinsa: gaisuwa da taimakon juna bismilla, amma ba koyar da iyalin gida, ba ba wa yara takardu. A ƙara wannan a takardar bayan ƙofa da Alhaji Ejan ya ce, saboda sabbin zuwa. Mutane ne masu bin umarni, in daga shugabansu ya fito za su kiyaye.

Dattawa za su tuna gwamnatin Rawlings ta dakatar da su tare da Shaidun Jehobah a watan Yunin 1989, in Alhaji ya tayar da wannan ka gaya masa an ɗage wa cocin Mormon a ƙarshen 1990. An buɗe haikalinsu na Accra a 2004, a 2021 kuma suka sanar da na Kumasi. In so samu ne ku kira su da sunan cocinsu, Cocin Yesu Kristi na Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe, don tun 2018 suka roƙi a daina ce musu Mormon. Elda kawai ma ya isa.

Ɗan Tafo:

Allah ya saka da alheri, na karanta wa Baba duka. Hajiya ce ke tambaya, in sun tare me za ta aika musu? Kun san ba ta iya ganin baƙo ba ta zuba masa ba. Naman Sallah fa?

Anti Nas:

Ta aika, za su ci. Waakye, tuwo da miyar ayoyo, koko da ƙosai, naman layya, duk ba matsala, sai dai a rage barkono ga sabon zuwa kuma a kai da zafinsa. Wanda ba sa sha shi ne shayi na ganyen shayi, wato Lipton da ataya, da kofi. Milo da sobolo suna sha, amma a haɗa da fiya wata, ƙanƙarar ma haka. Yaro namiji ya kai kwanon bakin ƙofa, ba 'yan mata ba, kuma kada a aika da safe ranar Lahadin farkon wata.