Ƙwaron wari mai ruwan ƙasa: anya hoton waya ya isa shaida?

Ɗan_Nazari: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Tambayata a kan ƙwaron nan ne mai wari, Halyomorpha halys, wanda ya taso daga gabashin Asiya ya addabi gonakin Amurka da Turai. An ce mutanen gari ne ke taya masana bin sawunsa da hotunan waya. Yaya ake gane shi, me ake turawa, kuma anya taswirar da aka haɗa da irin waɗannan hotuna abin dogaro ce?

Mai_Lambu: Wa alaikumus salam. A fara da ganewa, don nan aka fi yin kuskure. Babbansa milimita 12 zuwa 17 ne, launin ƙasa-ƙasa mai dabbare-dabbare, siffarsa kamar garkuwa. Dubi ƙahonninsa biyu: akwai farin zobe a gaɓoɓin ƙarshe. Gefen cikinsa da ke leƙowa bayan fukafukai baƙi ne da fari, a jere. Kafaɗarsa sumul take, ba ƙaya.

A Turai akwai wani ɗan gida, Rhaphigaster nebulosa, da suke kama sosai. Juya shi ka duba: ɗan gidan yana da doguwar ƙaya a ƙirji tsakanin ƙafafu, baƙon ba shi da ita. Ƙarshen fiffiken ɗan gidan ɗigo-ɗigo ne, na baƙon kuwa zane-zane.

Saboda haka hoto ɗaya bai isa ba. Ɗauki uku: baya, ciki, da kai inda ƙahonnin suka fito sarai. Ajiye rula a gefensa. In ya ƙi tsayawa, sa shi a kwalba cikin firji minti goma, zai lafa. Kunna GPS kafin ka ɗauka, ka rubuta kwanan wata, a kan wace shuka ko bango ka gan shi, kuma guda nawa. In ka ga ƙwai a bayan ganye, curi mai kusan 28, ko 'ya'ya marasa fiffike, wannan ya fi komai daraja, domin shi ne shaidar yana hayayyafa a wurin, ba kaya ya biyo ba. Sai ka ɗora a iNaturalist, manhajar da jama'a ke ɗora hotunan halittu a tantance su. Can sai fiye da kashi biyu cikin uku na masu tantancewa sun yarda kafin a ɗauki rahoton a matsayin na bincike.

Malamar_Ƙwari: Malam Ɗan_Nazari, abin dogaro ce, amma sai an san abin da take faɗa. Dalilin da ya sa wannan ƙwaro ya dace da aikin sa-kai shi ne, da kaka yana neman mafakar hunturu a gidajen mutane, wani lokaci dubbai. Da kansa yake kai kansa gaban kyamara. A Amurka, a Allentown ta jihar Pennsylvania aka fara tattara shi a 1998, sai 2001 aka tabbatar da ko wane ne. Ya ɓulla a Suwizalan a 2004, a Italiya kusa da Modena a 2012, inda masaniyar ƙwari Lara Maistrello da abokan aikinta suka roƙi jama'a su riƙa turo rahoto, da haka aka zana yaɗuwarsa a arewacin ƙasar. Saurin ganowa ba ƙaramin abu ba ne: a 2010 masu noman tuffa a jihohin tsakiyar gaɓar gabashin Amurka sun yi asarar kimanin dala miliyan 37.

Matsalar ita ce ɗigon da ke taswira na nuna inda mai waya yake. Birni zai cika da ɗigo, ƙauye ya zauna fayau ko da ƙwaron ya fi yawa a can. Rahotanni kuma kan yi tsalle bayan an yi labarinsa a jarida. Gyaran da ake yi shi ne a auna rahotanninsa da na sauran ƙwari daga yanki guda. Wanda ya duba bai gani ba ma ya faɗa, don “babu” ma bayani ne, kuma shi aka fi rasawa.

Ɗan_Nazari: Na gode, Malama. To tarko fa, ba zai cike wannan giɓin ba?

Mai_Lambu: Yana cikewa. Ana amfani da allo mai danƙo ko tarko mai siffar dala, da sinadarin warin da suke kiran juna da shi. A duba duk mako, rana guda, a sauya sinadarin yadda kamfanin ya rubuta. Amma kar a kafa shi tsakiyar itatuwa masu 'ya'ya: yana jawo fiye da abin da yake kamawa, ragowar su sauka kan bishiyar kusa su tsotse 'ya'yanta, su bar su a lotse da tauri a ciki. A bakin gona ake kafa shi, ta wajen daji.

Wanda aka kama a ƙasar da ba a taɓa ganinsa ba, kar a sake shi, kar a murje shi. A daskarar da shi kwana biyu, a kai wa hukumar kula da lafiyar tsirrai, don gawar ce za su tabbatar da ita, ba hoto kaɗai ba.