Abin da aka tattauna kan haɗa ƙaramin Spitfire

Ga abin da na tsinta daga doguwar hirarmu kan haɗa ƙaramin samfurin Spitfire, jirgin saman yaƙi na Ingila, ƙirar 1940:

1. Kowa ya yarda a fara yi wa mazaunin matuƙi fenti kafin a manne ɓari biyun jikin jirgin, don in an rufe buroshi ba ya shiga.
2. Saman jirgin kore mai duhu da ruwan ƙasa. A tsinka fenti, a shafa sau biyu ko uku.
3. Girma: wasu sun fi son 1/72 (kashi ɗaya cikin 72 na tsawon jirgin gaske) saboda araha, wasu 1/48 da ya fi shi girma.
4. Wajen tsufar da shi, wato yi masa alamun jirgin da ya sha aiki, aka rabu. Wasu na son tabon hayaƙi mai yawa bayan bututun injin, wasu suka ce kaɗan ya isa, da ɗan ƙujewar fenti a gindin fiffiken hagu inda matuƙi ke takawa. Ni dai ina bayan na biyun.