Wane suna za mu raɗa wa "swan song" da Hausa?

Jama'a, salamu alaikum. Jiya ina fassara labarin wani ɗan ƙwallo da zai yi ritaya sai na ci karo da "swan song", na tsaya cak. Ma'anar ba ta ɓuya mini ba: aiki na ƙarshe da mawaƙi ko marubuci ko ɗan wasa ya yi kafin ya mutu ko ya bar sana'a, galibi kuma mai kyau, wanda za a riƙa tunawa da shi. Yadda zan faɗe shi da bakinmu ne ya gagare ni.

Swan wani farin tsuntsun ruwa ne mai dogon wuya, dangin agwagwa da dinya, amma ya fi su girma. Girkawan dā sun yi imani cewa ba ya waƙa tsawon rayuwarsa, sai ajali ya matso ya rera mai daɗin gaske, sau ɗaya tak. Maganar ta fito a wani wasan kwaikwayo na Aeschylus, marubucin Girka, tun shekara ta 458 kafin haihuwar Annabi Isa. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne abin da Aflaton, masanin falsafar Girka, ya ruwaito daga malaminsa Sukurat, a ranar da zai sha gubar da aka yanke masa hukuncin sha. Ya ce wa almajiransa mutane sun yi wa tsuntsun mummunar fahimta, ai tsuntsu ba ya waƙa in yana jin yunwa ko sanyi ko ciwo. Wannan waƙar ta murna ce, don ya san wurin ubangijinsa zai koma.

Tun a shekara ta 77 miladiyya Pliny, masanin nan na Rum, ya ƙaryata labarin, amma bai hana shi yaɗuwa ba. Turancin ma aro ya yi daga Jamusanci, a rubutun marubucin Birtaniya Thomas Carlyle na 1831.

To, mu koma gida. Da na nemi shawarar jama'a, wani ya ce mu sa "waƙar dinya". A'a, malam. Ka faɗi haka a Kano ko Maraɗi, za a tambaye ka yaushe dinya ta fara waƙa. Tatsuniyar tasu ce, mu ba mu gaje ta ba, tsuntsun ma ba ya ƙasarmu. Wata 'yar'uwa ta kawo "wasiyya", to amma wasiyya saƙo ce da ake bar wa magada, ba gwaninta ake nunawa a cikinta ba. "Cikamaki" kuwa ya yi nauyi, kunnenmu ya saba jin sa tare da Annabawa, gara mu bar shi a can.

"Waƙar bankwana" ta fi samun ƙuri'u, ba ta da laifi kuma. Ga wanda ya sanar zai tafi, kamar Zidane a wasan ƙarshe na cin kofin duniya na 2006 a Berlin, "wasan bankwana" ya zauna daram. Inda take gaza ni shi ne, mai bankwana ya san tafiya zai yi. Schubert, mai tsara kiɗan nan na Viyana, ya rasu a 1828 yana da shekara 31. Bayan rasuwarsa ne mai buga ayyukansa ya tattara waƙoƙinsa na ƙarshe guda 14, ya fitar da su a 1829, ya laƙaba musu sunan "swan song" da Jamusanci. Shi Schubert bai yi sallama da kowa ba.

Shi ya sa na tsaya a kan "auta". Ba a cika sanin auta ranar suna ba, sai shekaru sun wuce uwa ba ta sake haihuwa ba a ce ashe wane ne autanta. Ga shi kuma shalele, ana ji da shi fiye da yayyensa, daidai da yadda masoya ke riƙe aikin ƙarshe na gwaninsu. Kalmar tana bin jinsi ba tare da wahala ba: autar waƙoƙinsa, autan littattafanta, autan wasanninsa.

A fassarar jiya dai na rubuta "wasan bankwana", tunda mutumin da bakinsa ya faɗi ranar tafiyarsa. Na mamaci kuwa, "auta" zan riƙa sawa daga yau. Iyayenmu da malamanmu na Sakkwato da Damagaram, in akwai wata kalma da kuka ji daga bakin makaɗa, don Allah ku kawo mana ita.