Na sabunta React, akwatin rubutu ya mutu: in canza edita ne?

Ɗan Adar, Tawa:
Salamu alaikum ƴan'uwa. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada, shawara nake nema. Bara na gina wa wata ƙungiyar manoman albasa shafi da React, kayan aikin gina shafukan intanet, inda sakatariyarsu, wata Hajiya, ke saka sanarwa da farashin buhu, da Hausa da Faransanci. React-quill, rigar da ke shigar da editan rubutu na Quill cikin React, na sa mata don ta samu rubutu mai kauri, jeri da hoto. Jiya da dare da kuran ya dawo sai na ce bari in sabunta komai lokaci guda. React ya hau 19, shafin rubutu ya koma fari fat, saƙon kuskure sai maganar wani aikin React mai suna findDOMNode yake. Gobe Hajiya za ta saka sanarwar taro. Dama akwai tsohon ciwo: a wasu sanarwowi ƙ da ɗ sun zama alamar tambaya, kuma shafin ya yi nauyi a talho. In watsar da Quill ne in nemi wani?

Yaya na Bukoki, Yamai:
Wa alaikumus salam ƙanena. Daren nan kada ka canza komai. In kana da git, mai ajiye tsofaffin kwafin aikinka, maido da package.json da package-lock.json na shekaranjiya, ka buga npm ci ya sake girka kayan yadda suke a da, ka koma React 18. Hajiya ta saka sanarwarta, kai kuma ka yi barci.

Abin da ya same ka sananne ne. React-quill da findDOMNode yake kama akwatin, React 19 da ya fito a Disamba 2024 kuma ya cire shi kwata-kwata. Shi react-quill ɗin tun 2022 yake tsaye a 2.0.0, yana jan Quill 1.3.7 na 2019 a bayansa, alhali Quill 2.0 ya fito tun Afrilu 2024. Wato ba Quill ne ya mutu ba, rigar da aka sa masa ce ta tsufa. Akwai react-quill-new da ke tafiya da sabon. Ni dai na fi son in ɗinka tawa rigar da useRef da useEffect, kayan aikin React ɗin kansa, ba ta kai layi arba'in ba. Ka kula kawai: StrictMode, tsarin React na kama kuskure, na kunna useEffect sau biyu lokacin gwaji, in ba ka share na farko ba za ka ga jerin maɓallai biyu, ɗaya bisa ɗaya. Na taɓa kwana a kan wannan ina zargin aljanu.

Wani ɗalibi, Yamai:
Yaya, mi zai hana ya koma TinyMCE ko CKEditor? Sun fi kama da Word.

Yaya na Bukoki:
Suna da kyau, amma ya karanta lasisi tukuna. TinyMCE 7 ya koma GPL, lasisin buɗaɗɗiyar manhaja mai sharuɗɗa, a 2024, CKEditor 5 ma GPL ne ko kuma a biya. Don sanarwar albasa ba sai an kai can ba. Ranar da aiki ya girma, Tiptap da ke bisa ProseMirror ko Lexical na Meta su zan duba. Draft.js kam Meta ta rufe shi tun 2023, kada kowa ya fara sabon aiki da shi.

Malama, Yantala:
Ɗana, kun tsaya kan edita, ni haruffan nan ne suka dame ni. Wannan ba laifin Quill ba ne, kuma ko ka canza edita goma zai bi ka. Duba da kyau abin da ke fitowa. In ƙaramin akwati ne a madadin harafi, salon rubutun da ka zaɓa ne ba shi da ƙ da ƴ. Sa Noto Sans ko Andika, shi ke nan. In kana ganin Æ™ a wurin ƙ, an karanta tsarin haruffa na UTF-8 a matsayin na latin1 ne, ana iya gyarawa. Amma in alamar tambaya ce zalla a cikin ma'ajiyar bayanan, wato MySQL ɗin kansa, harafin ya riga ya tafi tun lokacin ajiya. Mayar da tebur da haɗin duka zuwa utf8mb4, tsarin da ke ɗaukar haruffan namu, tsofaffin kuma sai an sake bugawa da hannu.

Nauyin kuma ina zargin hotuna. Quill na cusa hoto cikin rubutun a matsayin base64, wato dogon jerin haruffa, wanda ke ƙara kusan kashi ɗaya cikin uku bisa girmansa. Hajiya ta ɗauki hoton buhu da talho, manomi a Galmi ya sauke shi duka da ɗan kuɗin intanet ɗinsa. Sa hoton ya tafi saba, kwamfutar da ke riƙe da shafin, a rage shi, adireshinsa kaɗai ya zauna cikin rubutu. Kuma kafin ka nuna HTML ɗin ga jama'a ka tace shi da DOMPurify, mai cire abin da ka iya cutarwa, tunda na san daga Word take kwafowa.

Ɗan Adar, Tawa:
Allah ya saka da alheri Yaya, na koma 18, ya tashi. Malama, kin canka: latin1 ne, alamar tambaya ce a tebur, sanarwa goma sha bakwai. Na kira Hajiya ina ta kame-kame, sai ta ce duk suna nan cikin kayenta, in zo buro bayan la'asar in karanta mata tana bugawa. Yaya, rigar nan taka ta layi arba'in, ko za ka turo min in duba ranar Asabar?