Wa ya taɓa hawa tsaunukan Tour de France da mota?

Baban Yara, Liyon: Salamu alaikum jama'a. Shekara uku ke nan ina kallon tseren keken nan a talabijin, bana na ce sai na ga hanyoyin da idona. Da mota fa, ƙafata ba ta keke ba ce. Ni da maiɗakina da yara biyu. Wanda ya taɓa zuwa ya ba mu labari.

Ɗalibi a Grenoble: Wa alaikumus salam, Yaya. Fara da Alpe d'Huez. Daga garin Bourg-d'Oisans bai cika kilomita 14 ba, amma kwana 21 ne, kwanar hanya nake nufi, ba ta barci ba. An sa musu lamba daga 21 a ƙasa zuwa 1 a sama, kowace da allon sunan waɗanda suka ci tseren a wurin, tun daga Fausto Coppi a 1952. Ƙannena ƙirga su suka yi ta yi har muka kai.

Direban Babbar Mota: Malam, hawa ba komai ba ne, gangara ita ce maganar. Da na sauko daga tsaunin Galibier, mai tsayin mita 2,642, a motar haya, ƙafata na kan birki tun daga sama. Kafin in kai Lautaret da ke ƙasansa sai ƙauri ya cika motar, birkin ya yi laushi kamar soso. Ni da nake tuƙa tirela, kunya ta ishe ni! Muka zauna a gefen titi har ya huce. Sa giya ta biyu, injin ya riƙe maka motar. Kuma inda hanya ta matse, mai gangarowa ne ke ba mai hawa hanya.

Maman Biyu, Marseille: Ku duba watan da za ku je. Mun je farkon Mayu, muka tarar ƙanƙara ta rufe Galibier, sai juyowa muka yi. Yuli kuma lokacin tseren ne, ana rufe titi tun kafin 'yan keken su iso. Ƙarshen Yuni ko Satumba ya fi. Ka ce wa Hajiya ta ɗauko rigunan sanyi, ko da ana zafi a ƙasa. Ruwan alwala a can sama sai mai ƙarfin hali.

Ɗalibi a Grenoble: Na manta, 'yan keke sun cika hanyar. Doka ta ce ka bar tazarar mita ɗaya da rabi in za ka wuce su a wajen gari. Kada ka matsa musu da hon.

Maman Biyu, Marseille: In da sauran lokaci ku biyo ta Mont Ventoux. Samansa farin dutse ne fetal, ba ko bishiya, iska har girgiza mota take yi. Dab da ƙololuwa akwai dutsen tunawa da Tom Simpson, ɗan Ingila da ya rasu a wurin a tseren 1967. Masu wucewa na ajiye gorar ruwansu a gindinsa.

Baban Yara, Liyon: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Satumba ke nan. Motata otomatik ce, ya zan yi da giya ta biyun?