Wa ya taɓa shiga Togo ko Burkina a kan keke?

Ɗan Nima: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina shirin tashi daga Accra a kan keke in ruwa ya ɗauke, in bi Aflao in shiga Lome, daga nan in miƙe arewa har Sakode wurin dangin mahaifiyata. Wanda ya taɓa bin hanyar ya taimaka mini da abin da ya gani da idonsa.

Mai Faci na Aboabo: Wa alaikumus salam ƙanina. Na bi ta sau biyu. Daga Lome zuwa Sakode kusan kilomita 340 ne, kwalta ce duk, amma kada kwaltar ta ruɗe ka. Ita ce hanyar tireloli masu ɗauko kaya daga tashar jirgin ruwan Lome zuwa Burkina, kuma wurare da yawa gefen titin ya zaizaye. In ka ji hon a bayanka, sauka kawai. Wata tirela ta wuce ni kafin Atakpame, iskarta kaɗai ta jefa ni cikin ciyawa, gwiwata ta yi sati tana ciwo. Ka sa ƙaramin madubi a kan keken, ya fi maka komai amfani.

Ɗan Nima: Allah ya ƙara kiyayewa, Yaya. Kwana fa, ina kuke sauka?

Malam na Mamobi: Ni dai wannan bai taɓa zame mini matsala ba. Ka shiga gari kafin magariba, ka nemi masallaci ko zango, ka gai da liman ko mai gari. A wani ƙauye bayan Blitta na isa da ƙura har cikin gashin ido, ba na jin Faransanci, su ba sa jin Turanci. Wata tsohuwa ta dube ni, ta aiki jikanta ya ɗebo ruwa a famfo, ta ɗora mini a wuta don sanyin hunturu. Sai ga wani mahauci ya zo muka yi Hausa kamar a Nima. Da asuba na miƙa mata sefa ta ture hannuna, har ranta ya so ya ɓaci. Tun daga nan nake tafiya da goro da sukari, su ba a mayar da su.

Mai Faci na Aboabo: Gaskiya ne Malam. Kuma in ka ratse hanyar burji, ka rage iskar taya kaɗan saboda gargada, in ba haka ba hannunka zai mutu. Jar ƙurar nan tana cin kaca, ka riƙa goge ta kowane dare kafin ka sa mai. Masu faci suna ko'ina, amma tayar keken tsere siririya da wuya ka same ta a ƙauye.

Direba na Asawase: Burkina na yi ta Paga zuwa Wagadugu shekarun baya, hanya shimfiɗe, mutanensu sun san darajar mai keke. Amma da halin tsaron da ake ciki yanzu ba zan ce wa kowa ya je ba. Togo ɗin ma ka tsaya a Sakode ko Kara, kada ka matsa can iyakar arewa. Katin rigakafin shawara da Ghana Card su kasance a jikinka, ba cikin jaka ba.

Ɗan Nima: Na gode, Allah ya saka. Madubin gobe zan saya.