Gidan hutu a tsakiyar gonakin inabi: wa ya taɓa zama?

Baban Ummi, Garwa

Assalamu alaikum jama'a. Yarona da ke karatu a Bordo ta ƙasar Faransa zai kammala a watan Yuli, ya kafe sai ni da mahaifiyarsa mun je. Ɗakinsa na ɗalibai ko tabarma biyu ba zai ci ba, shi ne ya nemo mana wani gidan dutse a ƙauye, wajen Sen Emiliyon, kimanin kilomita 40 gabas da birnin. Hotunan da ya turo ta WhatsApp ba laifi: ɗaki uku, kicin, gonar inabi gaba da baya, ba maƙwabci ko ɗaya. Yuro 900 a mako, kusan sefa dubu 590 ke nan. Sai daga baya ya faɗa mana cewa inabin duk na giya ne, mai gidan ma sana'arsa ke nan. Hajiya ta ce ita kam ba da ita ba. Wanda ya san wurin ya ba ni shawara, don Allah.

Hajiya Maman Sadiya, Marwa

Wa alaikumus salam Alhaji. Na zauna a irin gidan nan kusa da Liburn, wani gari da ke maƙwabtaka da Sen Emiliyon, lokacin bikin 'yar ƙanwata. Giyar ba ta dame mu ba. Mun tarar da kwalba ɗaya a kan tebur, kyautar maraba, muka mayar wa matar gidan da godiya, washegari ta aiko mana da ruwan inabi marar maye. Shi ke nan.

Abin da ya ba mu wuya nisa ne. Ba mai mashin da za ka tsayar a bakin hanya kamar a nan gida. Gishiri ya ƙare? Sai an ta da mota. Ranar Lahadi da rana kantuna sun rufe, mu kuma ba mu sani ba, da burodi da ƙwai muka kwana. Naman halal kuwa daga Bordo za ku taho da shi, a unguwar Sen Mishel ko kasuwar Kapusan akwai mahauta musulmi. Ku saya na mako guda ku zuba a firji. Hajiya ta ƙulla yajinta da kuka da kuɓewa busasshiya tun daga gida, amma kada ta saka kilishi a jaka, an hana shiga Turai da nama.

Sai shirun wurin. Da rana har kunnenka ya riƙa ƙara. Ba kiran salla, ba mai sallama a ƙofa, sai tarakta can nesa tsakanin kunyoyin inabi. Maigidana ya ji daɗin haka, barci ya yi ta sha. Ni da na saba da gida cike da jikoki, duk sai na ji na takura.

Malam Sale, Ngaundere

Alhaji, kada a raina maganar Hajiyarka. Hadisi ya zo da la'anta a kan mutum goma game da giya, har da mai matsa ta, da mai ɗaukarta, da mai sayarwa. Ɗan haya ba ya cikinsu, kuma kuɗin ɗaki ka biya, ba na kwalba ba. A fahimtata ke nan, ka ƙara tambayar limaminku. Amma masu gonakin sukan gayyaci baƙi zagayen rumbun giya da ɗanɗanawa, wannan kam a ba su haƙuri. In zuciyarta ta ƙi kwantawa, ai ba kowane mai gidan haya a yankin ne manomin inabi ba. A nemi wani.

Ɗan Kusseri

Baba, ni kaina a Bordo nake aiki. Ka tambayi ɗanka abu ɗaya kafin ya biya: wa zai yi tuƙi? Jirgin ƙasa yana tsayawa a Sen Emiliyon, amma tashar tana wajen gari, gidan kuma Allah kaɗai ya san inda yake. In ba mota, ku haƙura ku kama gida a Liburn. Ya kuma tambayi kuɗin ajiya da na shara, da ko akwai zannuwan gado, don sau da yawa ba sa cikin farashin. Takardar kama gidan za ta yi muku amfani wajen neman biza.

A Yuli magariba sai wajen tara da rabi na dare ko fiye, alƙibla kuma gabas maso kudu ce, ba maso arewa irin ta Garwa ba. Ku kula da wani ɗan kek da suke kira kanele, ana zuba masa barasa. Haka ma romon da suke zuba wa gasasshen nama.

Garin Sen Emiliyon yana da kyau, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta saka shi cikin wuraren tarihi tun 1999, sai dai titunansa duwatsu ne da gangara. Mama ta zo da takalmi marar tsini.

Baban Ummi, Garwa

Allah ya saka da alheri. Na kira yaron, ashe lasisin tuƙi ma ba shi da shi, wai abokinsa zai riƙa zuwa ɗaukarmu. Na ce ya dubo mana na Liburn. Ɗan Kusseri, akwai inda ake sallar Juma'a a can, ko sai mun shiga Bordo?